ƘAƘA AKE ƘIDAYAR ƁERAYEN DA KE CIKIN RAMI?

 

Duk garin da na shiga zagaye tun bayan kaka, kuka guda nake tararwa: ɓeraye, waɗanda wasunmu ke kira kusu. Sun tone irin da anka shuka a garka, sun ɓalgace dankali da rogo, sun huda rumbu. Kowa cewa yake: "Malam, bana ɓeraye sun yi yawa." In na tambaya, "Su nawa ne?" sai a fashe da dariya. Wani dattijo ya taɓa ce mini: "Yaro, kai da ka yi lakkol, wa ya taɓa ƙidaya abin da ke wuni cikin rami, ba ya fita sai dare?"

Baba yana da gaskiyarsa. Ba a jera ɓeraye kamar tumaki a bakin rijiya. Amma akwai dabarar da ke ba mu kimanin adadinsu ba tare da mun gan su duka ba. Ga ta a taƙaice: a kama, a sa alama, a saki, a sake kamawa. Ba ta bukatar wata na'ura. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya iya lissafin "sau" da na "rabawa", zai iya yin ta.

MI YA SA ZA A ƘIDAYA?

Kalmar "da yawa" ba adadi ba ce. In ƙungiyar masu garka za ta cire kuɗi daga asusu ta sayi guba, ya kamata ta san girman abokin gabanta. In gari goma sun kai kuka ga ma'aikatar kare shuke-shuke, ma'aikata suna son su san inda wutar ta fi ci, don su fara da can.

Ƙidayar ramu tana ruɗi. Ɓera guda yana da ƙofa da dama, kuma tsohon rami yana nan ko mai shi ya daɗe da mutuwa. Ƙidayar gawa ma tana ruɗi. In samari sun kashe 200 cikin 250, an ci nasara. In 200 ne cikin 2.000, ba a yi komi ba tukuna.

Kuma ɓera ba ya jira. Akwai wani irin ɓeran gona mai nonuwa da yawa. Cikinsa sati 3 ne da ƴan kwanaki, kuma macen tana iya haihuwar ɗiya 10 ko fiye a ciki guda. Ɗiyan su ma cikin wata 3 sun isa haihuwa. Manyanmu ba su manta da 1975 da 1976 ba. Bayan babban fari, da ruwa ya dawo ciyawa ta yi yawa, ɓeraye sunka zama annoba a ƙasashen Sahel, har da yankunanmu. Haka ta sake faruwa a 1986 da 1987, bayan farin 1984. Wanda ke ƙidaya a kai a kai shi ke ganin annoba tun tana nesa. Rigakafi ya fi magani.

MU FARA GWADAWA DA WAKE

Kafin mu je garka, mu zauna a inuwa da ƙwarya. A zuba farin wake cikinta, kada kowa ya ƙidaya. Waken nan shi ne ɓerayenmu.

1. A ɗebi ƙwaya 100 daga cikin ƙwaryar, a ajiye su waje. A mayar da jan wake ƙwaya 100 a madadinsu. Jan waken nan shi ne masu alama.

2. A gauraya ƙwarai da gaske, har ja ya bazu ko'ina.

3. Mutum guda ya rufe ido, ya ɗebo da hannu. A ƙidaya duk abin da ya ɗebo. A ƙidaya ja nawa ne a ciki.

Mu ce ya ɗebo ƙwaya 120, cikinsu ja 8 ne. To, ku bi ni sannu a nan, don nan ne gindin maganar. In an raba 120 gida 8, ana samun 15. Ke nan cikin kowace ƙwaya 15 da ke hannunsa, guda ɗaya ja ce. Tun da an gauraya da kyau, yadda hannu yake haka ƙwarya take. Mace ba ta shanye tukunya kafin ta san ko gishiri ya ji, ɗanɗano guda ya ishe ta, muddin ta motsa miyar. Saboda haka a cikin ƙwarya ma, kowace ja guda tana tsaye a madadin ƙwaya 15. Mun san ja 100 munka zuba. 100 sau 15 ya ba da 1.500. Waken da ke cikin ƙwarya kimanin 1.500 ne.

Ga ƙa'idar, ku rubuta ta a bangon littafinku:

KAMUN FARKO sau KAMU NA BIYU, a raba da MASU ALAMA DA ANKA SAKE KAMAWA.

A misalinmu: 100 sau 120 ya ba da 12.000. A raba 12.000 da 8, ya ba da 1.500. Wanda ke da wayar salula yana iya duba lissafinsa da ita.

Ku mayar da waken, ku sake gaurayawa, ku sake ɗiba har sau 5. Za ku ga amsar tana sauyawa, wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa. Daga ƙarshe ku zube waken a tabarma ku ƙidaya shi duka, ku gwada da amsoshinku. Gani ya kori ji.

INA DABARAR TA FITO?

Ba sabuwa ba ce. A 1896, wani masanin kifi na ƙasar Danmak mai suna Petersen ya ba da labarin yadda yake maƙala wa kifi alama yana sakinsu cikin ruwa, don ya san abin da ke faruwa da su. A 1930, wani Ba'amurke mai suna Lincoln ya yi lissafin agwagin daji na ƙasarsu. Ana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, maharba kuma suna mayar da zoben in sun harbo mai shi. Shi ya sa masana ke kiran ƙa'idar da sunan mutanen nan biyu. A nan Afirka, a 1933, wani masani mai suna Jackson ya yi aiki da ita a Tanganyika, wadda yau take cikin ƙasar Tanzaniya. Shi ƙudan tsando ya ƙidaya, mai sa wa shanu sammore: a kama ƙuda, a ɗiga masa fenti a baya, a sake shi. In an iya da ƙuda, ɓera ba zai gagare mu ba.

YADDA AKE YI A GARKA

Kayan aiki: tarkon waya mai kama ɓera da rai, ƙuli-ƙuli don ɗana tarko, almakashi, ƙaramin buhu mai kauri, safar hannu, sabulu, littafi da abin rubutu. Tarkon da ke karya wuya ba ya amfani a kamun farko. In babu tarkon waya a garinku, ku nemi malamin gona ya nuna wa maƙeri samfurinsa.

Na ɗaya. A zaɓi fili mai kimanin hekta 1. A jera tarkuna layi 7, kowane layi tarko 7, wato 49 ke nan. Tsakanin tarko da tarko metir 15, kamar taki 20 na babban mutum. A kafa ɗan icce wurin kowane tarko.

Na biyu. Dare biyu na farko a sa ƙuli-ƙuli amma a ɗaure ƙofa a buɗe. Ɓera yana tsoron sabon abu, a bar shi ya saba.

Na uku. A ɗana tarkunan da maraice, a duba su da asuba, kafin rana ta kashe abin da ke ciki. A juye ɓeran cikin buhu, a riƙe shi ta bayan buhun, a fito da gindinsa kaɗai. A aske ɗan gashi a bayansa da almakashi, faɗin farcen babban yatsa, ba tare da an yanki fata ba. A sake shi nan inda anka kama shi. A yi haka dare 3. In mai alama ya sake faɗawa cikin dararen nan, a sake shi, kada a rubuta shi sau biyu. Jimlar waɗanda anka aske ita ce KAMUN FARKO.

Na huɗu. A kwashe tarkuna, a huta kwana 3 ko 4, masu alama su koma cikin ƴan'uwansu.

Na biyar. A sake ɗana tarkuna dare 3. Wannan karon ba a saki. Duk wanda anka kama a kashe shi, a duba bayansa, a rubuta: mai alama ko maras alama. Jimlarsu duka ita ce KAMU NA BIYU.

Ga misali. Kamun farko 40. Kamu na biyu 30, cikinsu masu alama 10. 40 sau 30 ya ba da 1.200. A raba da 10, ya ba da 120. Filin yana da kimanin ɓeraye 120. Tun da an kashe 30, saura kimanin 90.

Na san abin da za ku ce: "A kama ɓarawo, a sake shi?" Haka ake ce mini ko'ina. Amsa ita ce: arba'in ɗin nan manzanni ne munka aika cikin rami. In mun kashe su ran farko, mun rage 40 amma ba mu san ko saura 20 ne ko 400 ba. In mun sake su, su ne za su tona mana asirin sauran.

KULA DA LAFIYA

Ɓera yana ɗauke da cuta a fitsarinsa da kashinsa. Zazzaɓin Lasa, wanda anka gano a 1969 a garin Lasa na jihar Borno ta Najeriya, daga irin ɓeran nan mai nonuwa da yawa yake fitowa. A 2015 kuma masu bincike sun ba da labarin samun ƙwayar wata cuta mai suna leptosipiroz a jikin ɓerayen garake na bakin kogi a Yamai. Don haka aikin nan na manya ne, ba na yara ba. Kada a taɓa ɓera da hannu tsirara. A wanke hannu da tarko da sabulu bayan aiki. A binne gawa cikin rami mai zurfi, kada a gasa ta, kada a jefa wa kaji. Wanda ɓera ya ciza ya wanke wurin da sabulu, ya je gidan likita.

ABUBUWA BIYAR DA KE ƁATA LISSAFI

Wake ba ya gudu, ba ya haihuwa, ba ya wayo. Ɓera yana yin duka ukun. Ga inda ake tuntuɓe.

1. Alama ta goge. Ni da kaina na faɗa wannan rami. Farkon gwajina fenti na shafa musu. Ashe sun lashe shi, ƙasar rami ta goge saura. Da na sake kamawa, kusan duka sai na ɗauke su baƙi, lissafi ya ba ni adadin da ya wuce hankali. In alama ta ɓace, masu alama suna ƙaranci, amsa kuma ta kumbura. Aski ya fi fenti, don gashi yana ɗaukar satuttuka kafin ya tsiro.

2. An daɗe tsakanin kamu biyu. In an bar wata guda, an haifi sababbi, wasu sun shigo daga gonar maƙwabci. Baƙin nan ba su da alama, sai amsa ta fi abin da ke wurin tun farko. Aikin duka kada ya wuce sati 2. Kada kuma a yi shi ranar da ake girbi ko ƙona ciyawa kusa, don lokacin ɓeraye suna ƙaura.

3. Masu alama sun mutu. In an ji wa ɓera rauni, ko rana ta gasa shi cikin tarko, zai mutu bayan an sake shi. Kai kana lissafi da 40, alhali 30 ke yawo. Nan ma amsa tana kumbura.

4. Ɓera ya yi wayo, ko ya yi kwaɗayi. Wanda ya sha wuya a tarko yana gudunsa, sai masu alama su yi ƙaranci, amsa ta yi sama. Wani kuma ya ɗanɗani ƙuli-ƙuli, kullum shi ke dawowa, sai masu alama su yi yawa, amsa ta yi ƙasa. Maganinsa: a kamu na biyu a gusa kowane tarko zuwa tsakiyar icce biyu, a kuma sauya abin ɗanawa, misali a sa gero ko albasa.

5. Ba a gauraya ba. In an tara duk ɓerayen an sake su a kusurwa guda, daidai yake da zuba jan wake a sama ba a motsa ba. Kowane ɓera a sake shi a wurinsa, tarkuna kuma su mamaye filin duka.

AMSAR KIMANI CE, BA RANTSUWA BA

Mu koma ga misalinmu na 40 da 30. Da masu alama 8 anka samu, amsa 150 ce. Da 12 ne, amsa 100 ce. Ɓera biyu kacal sun motsa amsar haka. Don haka mai gaskiya ba ya cewa "120 cif". Cewa yake: "tsakanin 100 da 150." Wannan ya isa a yanke shawara.

In masu alama sun yi kaɗan ƙwarai, lissafi ba ya da ƙarfi. Mu ce kamun farko 20, na biyu 15. In mai alama 1 ne, amsa 300. In 2 ne, 150. In 3 ne, 100. Wace za ka ɗauka? Babu. Ku riƙe wannan: in masu alama da anka sake kamawa ba su kai 7 ba, kada a kai wa kowa amsar. A ƙara tarkuna, a sake aikin. In kuma ba a samu mai alama ko guda ba, ba a iya rabawa da sifiri. Ko dai ɓerayen suna da yawan gaske, ko an yi kuskure cikin biyar ɗin can.

MI ZA A YI DA ADADIN?

Da farko, a auna hasara. Ɓera yana cin kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa kowace rana. Mai nauyin giram 50 yana cin giram 5. Ɓeraye 120 ke nan suna cin giram 600 a rana, kilo 18 a wata, wajen tiya 7 ta hatsi. Wannan abin da ya shiga cikinsu ne kawai. Abin da sunka yanke, sunka tone, sunka ɓata da fitsari ya fi haka. A sa kuɗin hasarar a gefe guda, kuɗin magani a gefe guda, sannan ƙungiya ta yi shawara.

Na biyu, a auna aiki. A ƙidaya kafin gayyar kashe ɓeraye, a sake ƙidaya bayanta, da sabuwar alama a wani gefen baya. In an sauka daga 120 zuwa 30, aiki ya yi. In an sauka zuwa 100, an yi wahalar banza, a sauya dabara.

Na uku, a riƙe tarihi. A ƙidaya fili guda, da tarkuna iri guda, sau biyu a shekara: bayan kaka, da kuma kafin shuka. In adadin bana ya ninka na bara, a sanar da malamin gona tun da wuri.

Kuma ba kowane adadi ke bukatar guba ba. Guba tana kashe kaji da zabi da kyanwa, tana iya kai wa ga yaro. In ɓeraye ba su yi tsanani ba, a share ciyawar gefen garka, a kwashe tarin kara, a ɗana tarko da gayya, duk maƙwabta rana guda. A bar mujiya da kyanwa su yi aikinsu, don su ba su karɓar lada. In lalle sai an sa guba, ma'aikacin kare shuke-shuke ya nuna yadda ake sa ta.

MASUNTA MA NAKU NE

Ƙaramin tabki da rani, bayan ya rabu da gulbi, kamar ƙwaryar wakenmu yake: kifi ba ya shiga, ba ya fita. A kama tarwaɗa 200 da sanyin safiya, a ɗan yanke bakin fiffiken wutsiya na sama, a mayar da su ruwa maza. Bayan ƴan kwanaki a jefa taru wurare dabam dabam. In an kama 250, cikinsu 25 masu alama: 200 sau 250 ya ba da 50.000, a raba da 25, ya ba da 2.000. Kowane irin kifi a yi masa lissafinsa dabam, tarwaɗa dabam, karfasa dabam. A tuna kuma amsar ba ta haɗa da ƙananan da ke zurarewa ta idon taru ba. Da wannan adadi sarkin ruwa da masunta za su san nawa za a kama, nawa za a bari don iri. Manyan ruwaye kamar na Madarunfa da Tabalak sun fi ƙarfin gari guda, wannan aikin ma'aikatan ruwa da daji ne.

Dabarar ba ta yi wa fara da tsuntsun jan baki. Su yau suna nan, gobe suna wata ƙasa, wanda ka sa wa alama ba za ka sake ganinsa ba. Su da tasu hanyar ƙidaya.

AIKIN WANNAN SATI

Kowane aji ya nemi ƙwarya, farin wake da jan wake 100. Ku ɗiba sau 5, ku rubuta amsa 5, ku ƙidaya waken duka, ku rubuta gaskiyar adadin. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku ba malamin gonarku takardar ya aiko mana gidan radiyo, tare da tambayoyinku. Garin da ya gwada a garka ya rubuto mana lambobi ukun nan: kamun farko, kamu na biyu, da masu alama.

Allah ya tsare mana amfaninmu, ya kai mu damina lafiya. Sai wani jiƙon.

Naku, malamin gona.